Kunnen Hedimasta

Masu bin labarina, sannunku da haƙuri. Kwana tara ban rubuto komai ba, kuma na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta tambaya ko an ɗaura ne ban gayyace ta ba. Ba a ɗaura ba, 'yar uwa. Saura ƙiris ma a fasa. Gajiya ce ta zaunar da ni, irin wadda barci ba ya ɗauke ta.

Wanda ya shigo yau, matso kusa in zaunar da kai. Shekarata talatin da ɗaya, ina aiki a shagon buga takardu da fotokofi, ni da Babana kaɗai ne a gida tun rasuwar Ummata shekara huɗu da suka wuce. Baba mai zanen barkwanci ne. Shekara talatin da huɗu yana cike ƙasan shafi na biyu na jaridar garinmu, har akwai tsofaffin da ba sa duba babban labari sai sun fara buɗe wurinsa sun yi dariya. Ba ya rubuta sunansa a ƙarƙashin zane. Ɗan silifa mai tsinkakken maɗauri yake sakawa a kusurwa, kowa ya san nasa ne.

Mai nemana kuwa Mai Gilashi nake ce masa, don a shagon tabarau yake aiki, can muka haɗu ranar da na kai Baba a sauya masa nasa. Mutum ne mai sanyin magana, in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya yi tunani kafin ya amsa. Ina son sa. Ban saba faɗar haka a fili ba, amma yau ranar faɗar gaskiya ce.

Ga wadda ban taɓa gaya muku ba. Shekara uku ke nan hannun Baba yana rawa. Da safe bayan ya sha shayi yakan samu kamar awa guda hannun ya lafa, a nan yake zanawa da fensir. Amma tawada ba ta rufa wa kowa asiri, ko yaya hannu ya girgiza sai ta nuna. Don haka ni nake bin layukansa da alƙalami in na dawo daga shago. Shi sai ya sa silifansa a kusurwa, ya hura ya bushe, ya zura a ambulan, ya kai ofis da ƙafarsa kafin ƙarfe huɗu. Edita bai sani ba. Gwaggona, ƙanwar Baba, ba ta sani ba. Wanda ya ga baƙi a yatsana sai in ce na injin shago ne.

Kuma akwai yadda ya koya min aikin. Ranar farko ya kama takardar ya juya ta, kai a ƙasa, ƙafa a sama. Ya ce in na kalli fuska a miƙe idona zai so ya gyara ta, zan rage hanci, zan daidaita baki, in kashe masa zane. "Ki manta mutum ne, Uwata. Layi kawai za ki bi." Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Tun daga ranar a juye nake aiki. A da nakan jira jarida ta fito in ga abin da na yi. Da tafiya ta yi nisa, ko wannan na daina.

Sai ɗabi'ar Baba ta biyu, wadda ta ja mana. Bai iya ƙirƙirar fuska daga kansa ba, aro yake yi. Girar mai nama, haɓar direban bas, wuyan mai gyaran rediyo, ya haɗa su ya fitar da mutumin da babu shi a duniya. Lokacin da Umma ke raye ita ce mai gadin ƙofa. Kafin ambulan ya fita sai ta goge hannu a zani, ta riƙe takardar nesa da fuska, ta ƙanƙance ido. Sai ka ji ta ce ya cire hancin nan, na mijin maƙwabciya ne, a gidansu muke ɗiban ruwa in famfo ya ɗauke. Ya yi ta gunaguni yana gogewa. Tun da ta tafi babu mai dubawa, mu kuma ba mu taɓa zama mun lura cewa wani aiki ne ya rasa mai yi ba.

To, ranar Asabar ta makon jiya mahaifin Mai Gilashi ya zo gaida Baba, shi da ƙaninsa, don a fara maganar sa rana. Tsohon hedimasta ne, dogo, siriri, rigarsa fara sol an goge ta har tana ƙara in ya motsa. Kunnensa na hagu ya ɗan lanƙwaso daga sama, da bakinsa ya ce shekara arba'in na maƙala fensir ne suka karya shi. In yana sauraro sai ya cire tabarau ya sa ƙafarsa guda a baki. Ni ina bayan labule da atamfata mai ruwan ganye da mayafin da na aro wurin 'yar Gwaggo, ina leƙe. Na ga yatsan Baba yana yawo a kan gwiwarsa, a hankali, yana zagaye, yana dawowa. Na san ma'anar wannan tun ina ƙarama. Amma murna ta cika ni, na kai shayi, na gaishe su, na manta.

Ranar Talata edita ya ce yana son zane kan wata makaranta da iska ta yaye rufinta wata biyu da gama ginin. Ni kuma lokacin jarrabawa ne, tun safe ɗalibai sun cika shago, inji ya cinye takarda sau shida. Na dawo ƙarfe biyu da rabi ƙafata kamar ba tawa ba. Ban ko cire mayafi ba na zauna a teburin Baba, wanda ke jikin taga, da kwalbar tawada a cikin tsohon kofin da hannunsa ya karye don kar ta kife. Takarda na jirana a juye. Na bi layi. Ina tune da wata 'yar lanƙwasa da na ji daɗin bi, na ɗauka bakin buhu ne da aka ɗaure.

Laraba da hantsi wayata ta yi ƙara a aljihu. Mai Gilashi ne.

"Kin ga jarida?"

"Ina shago. Lafiya dai?"

Sai ya turo min hoto. Wani ɗan kwangila zaune a kan tulin kwanon rufi, ya ɗauki falle guda yana gatsa kamar biskit, yara a ƙasa ruwan sama na dukan littattafansu. Dogo, siriri. Ƙafar tabarau a gefen baki. Kunnen hagu a lanƙwashe. Baba bai haɗa shi da hancin kowa ba, ya ɗauko mutumin ɗungurungum.

Na zauna a kan kwalin takardu. Inji yana ta fitar da takardun wani, ban san sun zube a ƙasa ba.

Daga baya na ji cewa tun asuba tsofaffin ɗalibansa ke kiran Hedimasta, wasu suna jaje, wasu suna tambaya a kaikaice ko ya shiga kwangila ne bayan ritaya. Mutumin da aka ce ya taɓa hawa rufin ajinsa da guduma da kansa, yana da shekara hamsin da biyar, don kar yara su jiƙe.

Kafin in isa gida Gwaggo ta riga ni. Tun daga bakin ƙofa na ga takalmanta, ɗaya nan ɗaya can, na san da zafi ta shigo. Tana tsaye a kan Baba, mayafi ya zame zuwa ƙugu, jaridar a naɗe a hannunta tana nuna shi da ita. Ta ce ita ta yi haƙuri, haƙorinta na gaba ya fito a jarida sau uku a bakin matan da ba ta sani ba, ba ta ce komai ba. Ta ce mijinta har ya koma ga Allah ba ya zama ya fuskanci Baba, sai dai ya ba shi ƙeya, ita ma ƙeyar sai da ta fito. Amma yarinya mai shekara talatin da ɗaya, an samu mutumin kirki ya turo manyansa har ɗaki, shi ne za a mayar da ubansa ɓarawo?

"Yaya, so kake ta tsufa tana wanke maka kofin tawada?"

Baba na zaune, hannayensa biyu a matse tsakanin gwiwoyi, yadda yake yi in akwai mutane. Ya ce wallahi bai sani ba, hannun ne ya ɗauka. Gwaggo ta yi wata dariya marar daɗi, ta ce wannan ya gaya wa wanda bai san shi ba. Ta yanke hukunci: ya je ya durƙusa, ya kuma ajiye jaridar nan, ya isa haka. Sannan ta juyo kaina ta ce ni kuma in buɗe baki in nuna wa mutanen nan ba ruwana, kar laifin tsoho ya ci ni.

Na ce to. Na tura hannuna ƙarƙashin mayafi.

Alhamis bayan la'asar Mai Gilashi ya zo. Muka zauna a baranda, shi a kujerar roba, ni a kan tabarma. Rigar aikinsa ce a jikinsa, shuɗiya, da ɗan ƙyallen goge gilashi yana leƙowa daga aljihu. Ya rame a kwana ɗaya. Ya ce ƙanin babansa ya rantse da gangan aka yi, wai an kalle su an raina. Yayyensa mata sun ce a bar maganar tun ba a yi nisa ba. Shi Hedimasta ɗaki ya shiga ya rufe, wannan ne ya fi tayar wa Mai Gilashi da hankali.

"Na gaya musu ke babu hannunki a ciki," ya ce, yana kallon ƙasa. "In za ki zo ki faɗa wa Mama haka da bakinki, ina ganin za a sassauta."

Babu hannuna. Jama'a, da ya san kalmar da ya zaɓa.

Ku auna min. In na yi shiru, za a iya yin auren, a kan cewa Babana mugu ne ni kuma ta kirki ce. In na faɗi gaskiya, cewa hannunsa ya tafi, ni ce ta ƙarshe da ta taɓa zanen, ni ya kamata in gani, to magana ba ta kwana a gida ɗaya a garinmu. Za ta kai kunnen edita, wanda dama ya daɗe yana yi wa Baba zancen masu zane da kwamfuta. Shafin nan kuwa shi ke tayar da Baba daga gado tun da Umma ta rasu. Shi ke sa ya yi aski, ya sa hula, ya fita. Kuma ko na faɗa, wa ya ce za su karɓi surukar da ta zana uban mijinta yana cin kwano?

Na ce masa zan yi tunani. Ya tashi ya tafi, ko ruwan da na kawo bai sha ba.

Juma'a da safe na shiga kai wa Baba shayi, na tarar da ɗakin kamar an yi dambe. Takardu a dunƙule ko'ina, tawada ta bi ƙafar tebur ta sauka kan siminti. Ashe so yake ya zana ban haƙuri da hannunsa, shi kansa a durƙushe ya kama kunnuwansa biyu, ba tare da ni ba. Na buɗe ɗaya na duba. Fensirin na nan da kyau, Babana sak, har da sanƙonsa. Tawadar kuwa kamar tururuwa ta faɗa kwalba ta fito ta bi takarda.

Na durƙusa ina gogewa. Yana bayana ya ce, "Uwata, kar ki faɗa. A ce da gangan na yi, zan ɗauka. Ke dai ki yi aurenki."

Na ɗago na kalle shi. Don ni ya faɗa, na sani. Amma na ga ɗayan rabin ma: ya fi masa sauƙi a kira shi mugu da a ce ya ƙare. Ban ji haushinsa ba. Gajiya kawai na ji, ta shekara uku, ta sauko min a kafaɗa lokaci guda. Na gaji da ɓoye yatsa. Na gaji da saurin dawowa ƙarfe biyu da rabi. Na gaji da kallon duniya a juye.

Na wanke hannu, na sa doguwar rigata baƙa, na ɗauki wata takardar gwaji da Baba ya fara zana ɗan kwangilar a kai da fensir, na sa alƙalami da kwalba a jaka. Ban je shago ba.

Shagon tabarau na nufa, babu kowa sai Mai Gilashi, yana ɗaure wani ƙaramin noti. Ban yi dogon bayani ba, don na san in na fara kuka zan yi. Na shimfiɗa takardar a kan gilashin kanta, na juya ta kai a ƙasa, na tsoma alƙalami, na bi kunnen nan da layi ɗaya ba tare da na ɗaga hannu ba. Na juyo masa da ita.

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Bai yi mamaki ba, wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Ya ce ya sani tun ranar da ya gwada idon Baba. Mutumin da ya kasa riƙe tabarau ya kai fuskarsa sai da aka taya shi ba shi ke jan wannan layin ba. Kuma baƙin inji ba ya shiga ƙarƙashin farce.

"To me ya sa ka ce musu babu hannuna?"

"Don ban taɓa yi wa mahaifina ƙarya ba sai ranar Laraba," ya ce. "Na ɗauka in kin maimaita ta, za ta yi min sauƙin ɗauka."

Ya ce Hedimasta zai iya yafe zagi, ya sha shi wurin iyayen yara shekara arba'in. Ƙarya ce ba ya yafewa. Yanzu in ya koma da gaskiya, sai ya fara da tasa. Ya naɗe takardar a hankali, ya sa a aljihu bayan ƙyallen goge gilashi. Bai ce min zai kai ba, bai ce ba zai kai ba. Wata mata ta shigo da karyayyen tabarau, na fita.

Ranar Asabar wayata shiru. Na duba ta har na ji kunyar kaina. Gwaggo ta kira sau huɗu, ban ɗauka ba. Na gaya wa Baba abin da na yi, ya ce to, ya juya fuska bango.

Yau Lahadi da hantsi ina wanki aka yi sallama. Hedimasta ne, shi kaɗai, da farar rigarsa. Zanin gida ne a jikina, hannuna duk kumfa. Ya ce kar in wahalar da kaina da falo, a kai shi inda ake aikin.

Ya tsaya yana kallon ɗakin: teburin, kofin tawada, tulin tsofaffin jaridu da suka kai taga, tabon da ban gama gogewa ba. Baba ya miƙe zai zuba masa shayi, butar ta fara kaɗawa a kan kofi, ƙarar ta cika ɗakin. Hedimasta ya miƙa hannu ya riƙe gindin butar, suka zuba tare. Ya ce shi ma a shekararsa ta ƙarshe alli ya riƙa faɗuwa daga hannunsa, yara suna yi kamar ba su gani ba. Baba ya fara ba da haƙuri, Hedimasta ya ɗaga masa hannu.

Ya jawo kujera gaban taga, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya juya kunnen hagu wajen haske.

"'Yata, an ce kin zana ni ba ki gan ni ba. To ga ni. Ki ajiye takardar daidai."

Na ce ban taɓa zana fuska a miƙe ba, bin layi kawai na iya. Ya ce shi ma bai taɓa cin kwano ba, amma ga shi an gani a jarida. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce min ba, da hawaye a ciki. Baba ya turo min fensirinsa da bayan hannu, bai kalle ni ba.

Na kusa awa guda. Idona ya so ya gyara kunnen, kamar yadda Baba ya faɗa tun farko, na hana shi. Na sa ramin da tabarau ya yi masa a karan hanci, da yadda yake matse baki kamar mai jiran yaro ya gama karatu. Da na gama ya karɓa, ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa. Bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba. Ya sa hula, ya yi wa Baba sallama, ya tafi da takardar.

Ina cikin rubuto muku wannan, bayan la'asar, saƙon Mai Gilashi ya shigo. Ga shi yadda yake:

"Ya ce na jarida ya fi kama da shi, amma wannan ne shi. Zai aiko da shi gobe. Ya ce a sa tawada a fitar a shafi na biyu ranar Laraba, a rubuta ko wane ne shi. Kuma alamar wanda ya zana za a sa a kusurwa, ba silifa ba. In ya gani, a zo a sa rana."

Na karanta sau uku. Ba silifa ba. Wato edita zai sani, Gwaggo za ta sani, tsofaffin da ke fara buɗe shafi na biyu za su sani.

Na shiga ɗakin Baba na miƙa masa wayar, don bakina ba zai iya ba. Ya nisanta ta da fuska, ya ƙanƙance ido, sak yadda Umma ke yi. Wayar tana rawa a hannunsa, bai ɓoye ba. Ya ajiye ta a tebur, ya daɗe yana kallon kofin tawada. Sannan ya jawo farar takarda, ya daidaita ta a gabana, kai a sama, ya ɗora yatsa a kusurwar ƙasa inda silifansa ya zauna shekara talatin da huɗu.

"To, Uwata," ya ce. "Me za ki sa a nan?"